Lamba Huɗu da Kujera Ɗaya

Ga ta nan na kawo muku, ku gyara zama. Wadda ke da aiki a hannu ta ci gaba da abinta, kunne kawai nake so. Amma ku sani, in na kai ƙarshe ba mai tashi sai ta faɗi nata ra'ayin.

A wani ƙauye na ƙasar auduga, yamma da Funtuwa, an yi wata mata mai suna Tabawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'ya mazan da ta haifa kuma Mai su ya karɓi abinsa tun suna ƙanana. Abin da ya rage mata 'ya'ya mata uku ne, kowace da hanyar da ta zo. Akwai wadda ta haifa ba ta riƙe ba. Akwai wadda ta riƙe ba ta haifa ba. Akwai kuma wadda ta haifa ta riƙe, sannan neman abinci ya yi nisa da ita.

Wadda ta haifa ba ta riƙe ba ita ce Larai, 'yar fari. Ana yaye ta, gwaggonta ta goya ta sai Nguru, a can ta girma, a can aka yi mata aure. Tabawa kuwa irin matan dā ce masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, ba ta taɓa kallon idonta a gaban mutane ba, ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. Har ranar da aka haife ta ma ba ta faɗar sunanta. In za ta ce Laraba, sai ta ce jajibirin Alhamis. 'Yan matan unguwa sun gano haka, sai su leƙo da gangan su ce, "Inna, yau wace rana ce?" Ita kuwa ta ɗauki totuwar masara ta jefe su, suna dariya suna gudu. Larai ta san al'ada ce, ba ƙiyayya ba. Sai dai sanin ba ya kashe ƙishi. Duk zuwan da za ta yi, daga nesa za ta ji uwar tana ce wa iska, "A ba baƙuwa ruwa." Zuwanta na ƙarshe rasuwar uban ne. Ta zauna har aka yi sadakar bakwai, ba kalma ɗaya da ta shiga tsakaninsu, sai da ta isa gida ta kwance kaya ta tarar da ƙullin daddawa da ba ita ta sa ba. Ta yi kuka a kan ƙullin nan, amma zuciya ta riƙe ta, shekaru suka yi ta wucewa ba ta sake takowa ba. Abin da ba ta sani ba shi ne, duk jajibirin Alhamis Tabawa takan share ɗakin baƙi da ba kowa a ciki, in ta yi la'asar ta zauna a bakin ƙofa tana fuskantar gabas da carbinta.

Wadda ta riƙe ba ta haifa ba ita ce Marka. Uwarta ƙawar Tabawa ce, ta rasu wajen haihuwarta a tsakiyar damina, Tabawa ta naɗe jaririyar a zane ta kawo ɗakinta. Da ta girma aka aurar da ita a gidan maƙwabta, katanga ɗaya ce tsakani, katangar ma ta zube a wani gefe don yawan tsallakawa. Marka ta san tarin Inna na mura, ta san na ƙura, ta san na ɓacin rai. Mutanen gari in za su kwatanta shaƙuwa sai su ce kamar Tabawa da Marka, hanta da jini. Marka takan yi murmushi in ta ji haka, amma can ƙasan ranta akwai wani tsoro da ta taso da shi, kada wata rana wani ya dube ta ya tuna mata cewa ba ta gidan ba ce.

Wadda ta haifa ta riƙe ita ce Zulai, amma ba mai kiranta sai da Auta. Allah ya buɗe mata kan karatu, ta yi makarantar koyon jinya, aiki ya kai ta Fatakwal, tana ɗakin tiyata tana miƙa wa likitoci kayan aiki. Duk Juma'a sai ta buga waya. Duk Salla sai ta ce, "Inna, bana kam zan zo," in lokaci ya matso a hana ta hutu, sai ta aiko da saƙo a madadinta. Ta aiko da katifa, ta aiko da fanka mai amfani da hasken rana, daga baya ta sa aka saya wa uwar shanun noma biyu don ta huta da neman 'yan ƙwadago. Babban san, wani fari mai faɗin ƙaho, Tabawa ta raɗa masa suna Bana-zan-zo. Auta ta yi dariya da aka gaya mata a waya, tana ajiye wayar ta kifa kai a gwiwa. A ɗakinta na haya, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, akwai tsohon ɗankwalin uwar a ƙarƙashin matashinta.

To, ana cikin tsinkar auduga, wata safiya Tabawa ta shiga garke ta zuba wa shanun dusa. Ƙudaje sun dami Bana-zan-zo, ya kaɗa kai ba da nufin kowa ba, gindin ƙahon ya same ta a haƙarƙarin dama ya haɗa ta da turke. Ta faɗi, ta tashi, ta kakkaɓe zane. Ba jini, ba karaya, ko fata ba ta ƙuje ba. Ta ce wa san, "Kai ma gaisuwar taka ke nan?" Ta koma ɗaki ba ta gaya wa kowa ba.

Ga abin da Marka ta yi. Da azahar ta tsallako katanga da kwanon fate, sai ta tarar Inna tana salla a zaune, matar da ko zazzaɓi bai taɓa zaunar da ita ba. Ta lura wajen kabbara hannun dama bai kai kunne ba. Da ta sallame ta nemi ruwa, ta shanye moɗa, ta sake nema, alhali mace ce da sai an yi da ita take shan ruwa. Tana ta murza kafaɗar dama, leɓɓanta sun yi fari kamar ta ci toka. Marka ta tsare ta da tambaya har ta faɗi abin da ya faru. Nan da nan tsofaffin unguwa suka taru, aka ɗora ruwan zafi, aka aika a kira mai tausa, kowa na cewa jini ne ya kwanta, a gasa a murza zai watse. Marka ta sa tafin hannu a cikin Inna, ta ji ya yi tauri kamar bayan ƙwarya, ta ga yadda tsohuwar ta cije baki. Sai ta tsaya tsakanin gadon da tukunyar ruwan zafin.

"Ba mai taɓa ta."

"Ke Marka, yaushe aka haife ki? Mu da muka ga haihuwar uwarki?"

"Ku yi haƙuri, iyayena. Ban san mene ne ba, amma abin da ya yi tauri haka ba a danna shi."

Tabawa da kanta ta ce, "Marka, ni nake miki magana, ba inda za ni." Tun da aka haifi Marka ba ta taɓa tsallake maganar Inna ba, ranar ta tsallake. Ta tare motar a-kori-kura da ke kai auduga gari, ta sa aka buɗe buhuna aka baje audugar, ta ɗauko tsohuwar cak ta kwantar a tsakiya don kada gargadar hanya ta jijjiga ta. Ta rungume ta har ƙofar asibitin gari. Daga baya likitoci sun ce da an yi tausar nan, da ba ta kai la'asar ba.

Amma a asibitin nan ne Marka ta yi kuskuren da sai 'yar ƙasar auduga za ta yi shi. An ɗauki hoton ciki, likita ya fito da sauri, marasa lafiya na jiransa a layi. Ya ce hanta ce ta tsage, jini na taruwa a ciki, a ganinsa ciwon ya kai lamba huɗu, a wuce da ita babban asibitin birni a yi babban hoto. Marka ba ta ji komai ba bayan lamba huɗu. Ita a fuloti ta tashi, inda ake kai auduga malamin awo ya duba ya ba ta lamba. Lamba ɗaya ita ce babba, ita ake ji da ita. Lamba biyu da dama-dama. Lamba uku ta ƙarshe ce, mai datti, wadda ake karɓa da yatsina. Huɗu kuwa ko sikeli ba a ɗora ta. Sai ta ɗauka ciwo lamba huɗu shi ne ciwon da bai kai a kira shi ciwo ba, zancen birni kuma halin ma'aikata ne na tura mutane gaba. Ta yi sujada a barandar asibiti don godiya. Tabawa da ƙarin ruwa ya ɗan dawo mata da ƙarfi ta ce, "Kin gani ko? Nemo mana mota, awakina ba su sha ruwa ba." Marka ta fita neman mota, a hanya ta ce bari ta yi wa Auta albishir.

Ga abin da Auta ta yi. Tana cire safar hannu bayan an gama wata tiyata wayar ta shigo.

"Auta, kada ki tsorata, sanki ne ya ɗan bugi Inna, amma alhamdu lillahi abin ya zo da sauƙi. Likita ya ce lamba huɗu ce kawai. Ga ni ma a tasha, gida za mu."

Auta ta jingina da bango, ta san in ta yi ihu Marka za ta ruɗe, in ta yi sanyi kuma ba za ta yarda ba. Sai ta sassauta murya.

"Yaya Marka, tsaya inda kike. Kin tuna hantar ragon layya, wadda Inna ke ba mu mu yanka?"

"Ana zancen Inna kina zancen nama?"

"Saurare ni don Allah. In wuƙa ta ɗan shafi bayan hantar, ta yi ƙwarzane, wannan ita ce lamba ɗaya. In ta shiga kamar gaɓar yatsa, biyu ke nan. In ta nutse ta wuce haka, uku. Huɗu kuwa, Yaya, ba yanka ba ne. Kamar a sa taɓarya ne a daki gefe guda, babban yanki ya farfashe. Bayanta sai lamba biyar kaɗai, inda manyan hanyoyin jini suka tsinke, wadda ba kowa ke isa asibiti da ita ba. Mu a nan ba kamar fuloti ba ne. Lamba tana hawa, ciwo yana hawa."

Marka ta ce, "Na kashe Inna."

"Ba ki kashe ta ba, ke kika kawo ta. Koma da gudu. Kada ta zauna, kada ta taka ƙasa, ko ruwa kada ki ba ta. In ta yi miki faɗa ki ce ni na ce."

Marka ta koma ta tarar tsohuwar ta sauko da ƙafa ɗaya tana laluben takalmi. Ita kuwa Auta ba ta ajiye wayar ba. Ta nemi likitan ta yi magana da shi, ta nemo wata da suka yi makaranta tare a babban asibitin birni ta roƙe ta a tanadi gado da ɗakin hoto, ta bi mutum bayan mutum har aka samu motar asibiti mai ƙarin ruwa a ciki. Sannan ta shiga wurin shugabarta ta ce za ta gida, ko a ba ta hutu ko a riƙe aikin. Ba ta jira amsa ba ta kama hanyar arewa. Da ba ta juya wa Marka lambar nan ba, da an mai da Tabawa ƙauye ta shayar da awakinta, a wayi gari ana haƙa kabari.

A birni babban hoto ya tabbatar, lamba huɗu ce. Babban likita, wani dattijo mai sanyin magana, ya tara Marka da Auta ya yi musu bayani. Ya ce lamba tana gaya masa girman ɓarnar, amma ba ita kaɗai ke sa shi ɗaukar wuƙa ba. Hanta, in ji shi, Allah ya yi ta da wata baiwa, in an bar ta ta huta takan haɗe kanta. A shekarun Mama buɗe ciki ma hatsari ne babba. In jininta ya tsaya bai ci gaba da sauka ba, zai bar ta a kwance ya sa ido. Amma sai an mayar mata da abin da ta zubar, kuma sai ta kwanta kamar an dasa ta.

Nan aka ci karo da abu biyu. Na farko, jinin Tabawa irin wanda ba a cika samu ba ne. Ɗan abin da ke ajiye a asibitin aka sa mata, ya ƙare, awo ya nuna har yanzu da saura. Aka gwada Auta, ashe na ubanta ta ɗauko. Aka gwada Marka, mai awon ya dubi sakamakon ya ce, ba da wata manufa ba, "Ai ke ba jininku ɗaya ba." Marka ta ce to, ta sauke hannun rigarta, ta fita bayan ɗakin ta daɗe ba ta dawo ba. Aka gwada mijinta, aka gwada mutanen ƙauye cikin mota guda, aka yi cigiya a masallatai, ba a dace ba. Na biyu, tsohuwar ta ƙi kwanciya. Ko an lallashe ta, da an buɗe ƙofa sai ta yunƙura ta ɗaga kai ta leƙa, in ta ga nas ce sai ta koma, a sake buɗewa ta sake yunƙurawa. Duk yunƙuri ɗaya likita na ganinsa a awon jini. Aka tambaye ta wa take nema, ta ce ba kowa.

Ga abin da Larai ta yi. Marka ce ta kira ta, don ita ta san wa ake leƙe. Larai na tsugune tana tuƙa tuwo. Ba ta tambayi lamba nawa ba ce, ba ta tambayi ko an ce ta zo ba. Abin da ta tambaya ɗaya ne.

"Ta ambace ni?"

Marka ba ta iya ƙarya ba. Ta ce, "Yaya, kin san ta. Ƙofa dai take kallo."

Larai ta miƙa wa 'yarta muciya, ta nemi izinin maigidanta a bakin zaure, ta fita da mayafin da ke jikinta. Mota ta lalace da su a hanya, ta hau ta kaya. Ta iso birni da hantsi, ƙafafu a kumbure, ba abin da ta sa a ciki tun jiya. Mai awo ya ce ta fara cin abinci ta huta, ta ce ya gwada tukuna. Ya gwada, ya sake gwadawa, ya ɗago kai ya ce, "Wannan kam ɗiyarta ce." Suka tilasta mata shan shayi da burodi, sannan suka ɗiba. Ta ce su ƙara, suka ce doka ba ta yarda ba. Ta ce ita mai jiki ce, su ɗebi rabon shekarun da ba ta zo ba. Suka yi dariya suka ƙi. Ledar jinin nan guda ita ce ta tsallakar da Tabawa, awo ya daina sauka, likita ya ce a mayar da kayan tiyata. Da aka rataya ledar, Larai ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ba. Tabawa ta ɗaga ido sau ɗaya, ta ga mai tsayuwar, ta mayar da kai kan matashi a hankali. Daga lokacin ba ta sake yunƙurawa ba. Ta dubi jan abin da ke sauka cikin hannunta ɗigo-ɗigo, ta ce wa silin, "An ba baƙuwa ruwa kuwa?" Ranar kuwa jajibirin Alhamis ce.

To, a nan maganar take. Bayan azahar aka ce za a mayar da Tabawa wani ƙaramin ɗaki inda ake sa ido a kan masu irin ciwonta. Babbar nas, wata mai jiki da ba ta wasa da doka, ta tara su uku a baranda. Ta ce ɗakin kujera ɗaya gare shi, mai jinya ɗaya ake bari, kuma ba a canji, don shige da fice shi ke tayar da mara lafiya. Wadda ta shiga ta shiga ke nan sai an sallame su daga ɗakin, sauran ko leƙe babu. Likita ya ƙara da gaskiyar da ba su so ji ba. Ya ce ciwo lamba huɗu yakan yi shiru ya sake ɓallewa a 'yan kwanakin farko, in ya ɓalle kuma ba kullum ake cin nasara ba. Yana kyautata zato, amma rai na Allah ne. Kowace cikinsu ta gane abin da yake nufi. Wadda ta zauna a kujerar nan, in an samu sauƙi ita za ta ga dawowar Inna. In kuma ta Allah ta kasance, ita za ta ji maganarta ta ƙarshe, ita za ta laƙƙana mata kalmar shahada, ita za ta rufe mata ido.

Ba su yi faɗa ba, 'ya'yan Tabawa ne. Sun zauna a kan benci suna kallon ƙasa, kowace na jira 'yar'uwarta ta fara.

Marka ta ce, "Ni ban taɓa wuni ban gan ta ba. Ba ta jin kunyata. Ni za ta iya cewa in kawo mata fo, ni za ta bari in goge mata jiki. Kafin ta buɗe baki na san abin da take so." Gaskiya ta faɗa. Amma Marka ce ta ji huɗu ta yi sujadar godiya. In leɓe ya sake fari za ta gani, in kuwa alamar a jikin na'ura ta fito, kallo kawai za ta yi mata. Kuma sau ɗaya ta taɓa ƙin bin maganar Inna a rayuwarta, ba wanda ya san ko za ta iya na biyu in tsohuwar ta ce a zaunar da ita ta yi salla.

Auta ta ce, "Ni aikina ke nan. Bugun jininta in ya canja, kafin na'ura ta yi ƙara na sani. Na yi jinyar iyayen mutane ba iyaka, tawa uwar ban taɓa miƙa mata ko ruwa a kan gado ba. Kuma sana ne ya buge ta." Ita ma gaskiya ta faɗa. Amma Tabawa ba ta taɓa ɗaukar Auta babba ba. In ta gan ta a kujera tana gyangyaɗi, ita za ta muskuta ta ba ta gefen gado, ita za ta miƙa hannu ta ja mata mayafi. Umarnin Auta kuwa dariya yake ba ta. Ga nas-nas cike da asibitin masu irin saninta, ko da yake kowace da gadaje da yawa a wuyanta.

Larai ta ce, "Ni ba ni da abin faɗa. Ban san abincin da take so ba, ban san karatun na'ura ba. Tun da aka yaye ni ban sake kwana ɗaki ɗaya da ita ba. Ina so in ji yadda numfashinta yake in tana barci, shi ke nan." Ita ma ba ta yi ƙarya ba, kuma kowa ya ga tun da ta tsaya a ƙofar nan tsohuwar ta natsu, in an raba su wa ya san ko leƙen ƙofa zai dawo. Amma Tabawa ba za ta taɓa buɗe baki ta ce wa 'yar fari ta kawo mata fo ba. Ta gwammace ta lallaɓa ta sauka da kanta, saukar da likita ya ce ita ce ajali. In ciwo ya taso mata ma, da wane suna za ta kira ta? Kuma Larai ce ta yi shekaru tana da ƙafa ba ta zo ba.

Da nas ta ga ba su da niyyar yankewa, ta ce, "Kai, ku taso mu tambayi mai gadon, ina da aiki." Suka shiga, Marka ta tsaya a gefen dama, Auta wajen kai tana duba ledar ruwa, Larai ta toge a bakin ƙofa kamar ɗazu.

"Mama, ɗaya za ki zaɓa. Wa za ta zauna da ke?"

Tabawa ta lumshe ido, leɓɓanta na motsi, da alama salati take. Sannan hannunta ya lallaɓo ya kama gefen zanen Marka ya riƙe gam. Bakinta ya ce, "Auta, kin rame. Ba sa ba ku abinci a can?" Idonta kuwa da ta buɗe, bai sauka a kan kowa ba sai bakin ƙofa, ya tsaya a can, karo na farko a gaban mutane, bai kauce ba.

Nas ta ce, "Mama, hannu ya zaɓi ɗaya, baki ya zaɓi ɗaya, ido ya zaɓi ɗaya. Ni kuwa kujerata ɗaya ce."

Masu tura gado suka iso suka kama ƙarfen, ladan ya fara kiran la'asar a masallacin asibiti, nas ta riƙe ƙofar ƙaramin ɗakin da hannu ɗaya tana jira.

Ni a nan na tsaya, sauran naku ne. Da ba don Marka ba, da ba a isa asibiti da ita ba. Da ba don Auta ba, da an mai da ita gida. Da ba don Larai ba, da jinin bai ishe ta ba, da kuma ba ta kwanta ba. To, ku gaya mini tsakaninku da Allah, wace ce a cikin ukun nan ta fi cancanta ta zauna a kujerar?